Babi na Biyar: Garin da Ya Bar Itace Ya Girma

A ƙasashen da ƙanƙara ke rufe ƙofar gida, tsoho idan ya ajiye aiki yakan tattara nasa ya nasa ya nufi inda rana take. Mutanen arewacin Amurka sun daɗe suna gangarawa jihohin Fulorida da Arizona saboda haka, suna neman gari mai mutane masu fara'a, kusa da ruwa ko dutse ko daji inda za su riƙa miƙe ƙafa. Mu ma muna da irin wannan ƙaura, sai dai tamu yawanci komawa gida ce. Akwai ma'aikacin da ya ƙare ƙuruciyarsa a Arlit, inda darin hamada ke shiga ƙashi. Akwai ɗan kasuwar da ya yi shekaru a Jos, da ɗan ci-ranin da ya dawo daga Aljeriya ko Faransa da ɗan abin hannunsa. Kowannensu ya gaji da sanyi da baƙunta, yana son ya kafa gida a ƙasar da ake jin harshensa. Da yawa daga cikinsu ba za su iya komawa ƙauyen haihuwa ba, don gonar gado an raba ta har ta ƙare, babban birni kuwa ya yi tsada da hayaniya. Sai tambaya ta taso: wane gari?

Wannan babi zai ɗauki yanki guda ya yi misali da shi, wato gundumomin Gidan Rumji da Agiye da Gazawa a jihar Maraɗi. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, a ƙasa mai zafi halin mutanen gari da ni'imar wajen gari tare suke tafiya, kuma wanda ya iya duba ɗaya zai gane ɗayan.

Hanya ɗaya, gundumomi uku

Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, ita ce ta ɗinke yankin. Mai fitowa daga yamma zai fara isa Gidan Rumji, ya wuce Tsibirin Gobir, ya taɓa Maraɗi, sannan Caduwa, Agiye, Gazawa, kafin ya shiga ƙasar Tasawa. Gundumar Gidan Rumji ce mafi yawan jama'a a cikin ukun, don ƙidayar 2012 ta same ta da mutum fiye da 500,000, kuma a cikinta ne Tsibiri da Cadakori da Gidan Sori da Saye Sabuwa suke. Agiye tana tare da Caduwa. Gazawa a da ƙarƙashin Agiye take, sai a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta, tare da Gangara.

Ƙasar jigawa ce, rairayi mai laushi da gero da wake da gyaɗa da riɗi ke so, ga aya wadda manoman wannan yanki suka yi suna da ita. Ruwan sama yakan kama daga milimita 400 zuwa 600 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba. Kwari biyu ne suka ratsa ta. Gulbin Maraɗi yana shigowa daga ƙasar Katsina, ya bi ta Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, ya sake komawa Najeriya ya haɗu da ruwan Rima. Gulbin Kaba kuwa tsohon kwari ne da ruwa ya daɗe da daina gudu a cikinsa yadda ya saba, ya bi ta ƙasar Gazawa ya yi arewa, cike da goriba. Duk garin da mutum zai zaɓa a nan, ko dai yana bakin ɗaya daga cikin kwarin nan, ko yana kan jigawar da ke tsakaninsu.

Ka zo da bazara

Yawancin masu neman mazauni da kaka suke zuwa dubawa, ko lokacin sallah. A lokacin kowane gari kyakkyawa ne: rumbuna cike, iska da daɗi, kowa fuskarsa a sake. Wanda yake son ya ga gaskiyar gari, ya zo a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, rijiyoyi sun ja baya, hatsi ya yi tsada, samari sun tafi ci-rani. Mutumin da ya fito daga ƙasar sanyi yana marmarin rana, amma ranar bazara a Maraɗi ba ta wasa da kowa, balle mai shekaru ko mai hawan jini.

Idan ka zo, ka fita da ƙafa bayan azahar, ka zaga. Ka lura da inda mutane ke zama. A wani gari za ka tarar kowa ya shige ɗaki ƙarƙashin kwano yana zufa, titi fayau babu ko kaza. A wani kuwa za ka ga layin dogon yaro a bakin hanya, tsofaffi sun shimfiɗa tabarma suna dara, masu saƙar kaba suna aiki, randa tana gefe da moɗa a kanta don mai wucewa. Garin farko yana dogara da fanka. Mutanen jihar Maraɗi sun ga iyakar fanka a 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya bayan juyin mulkin watan Yuli, aka shafe watanni ana fama. Inuwar itace kuwa babu mai yanke ta daga nesa.

Daga nan ka fita bayan gari ka dubi gonaki. A bazara babu shuka, saboda haka babu abin da zai ɓoye maka. Ka nemi gawo musamman. Gawo itace ne mai hali dabam da sauran: da damina yake zubar da ganye, ya bar rana ta sauka kan geron da ke gindinsa, ganyen da ya zuba ya zama taki, da rani kuma, lokacin da yawancin itatuwa suka tsaya tsirara, shi sai ya yi kore shar, ya ba da inuwa, 'ya'yansa su zama abincin awaki da shanu. Gonar da ke da gawo goma ko ashirin, da kalgo da sabara da aduwa da magarya a tsakani, mai ita yana da wurin hutawa a tsakiyar rana, matarsa ba ta yin nisa wajen neman makamashi, iskar farkon damina ba ta binne masa shuka da rairayi.

Abin da itace ke faɗa game da mutane

Itatuwan nan ba gado ba ne daga kakanni. A farkon shekarun 1980 yawancin gonakin yankin a share suke tas. Manomin kirki a lokacin shi ne wanda ya sassabe komai ya ƙone. Doka ma ta taimaka wajen haka, domin itace na gwamnati ne, ma'aikacin gandun daji zai iya cin mutum tara a kan itacen da ya tsiro a gonarsa, don haka babu wanda ke son ya bari ya girma. Sai ga fari da yunwar 1984, wadda mutanen nan ke kira El-Buhari.

A wannan tsakanin ne wani ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura a 1983 cewa ƙananan tsiron da ake sarewa kowace shekara reshe ne na manyan saiwoyi masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar da ta fito daga nan ita manoma ke kira sassaben zamani. Mai gona zai tsuguna gaban kututturen sabara ko kalgo wanda ya fitar da tsiro kamar ashirin. Zai zaɓi uku ko biyar mafi miƙewa da ƙarfi, ya sare sauran da gatari mai kaifi, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. Waɗanda ya bari zai rage musu ƙananan rassa har rabin tsayi. Saiwar da ta daɗe tana ciyar da tsiro ashirin sai ta mayar da ƙarfinta kan biyar. Cikin 'yan shekaru abin da ke iya gwiwa ya wuce kan mutum. Babu sayen iri, babu ban ruwa. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun kiyasta cewa hekta miliyan 5 ne suka farfaɗo ta wannan hanya a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a kan wannan aiki.

Amma gatari kaɗai bai isa ba. Tsiron da ka bari a gonarka yau, maƙwabci zai iya sare shi gobe da dare ya kai gida ya dafa tuwo. Makiyayi zai iya karya shi don dabbobinsa. Itace ba ya girma sai inda mutane suka yarda su ƙyale na juna. Ƙauyen Ɗan Saga da ke gundumar Agiye ya yi suna a kan wannan: mutanensa suka kafa kwamitin sa ido, suka sa mata a ciki, suka sa makiyaya, suka tsara dokar sara da tarar wanda ya karya ta. Baƙi daga ƙasashe da dama sun je ganin yadda suka yi. Ayyukan raya karkara da asusun FIDA ya tallafa wa a Agiye sun taimaka wajen yaɗa tsarin, dokar gandun daji ta 2004 kuma ta ƙara wa manomi ƙarfin gwiwa a kan itacen gonarsa.

Saboda haka idan ka ga gari da manyan itatuwa a gonakinsa, ka san cewa an yi shekaru ashirin ko talatin mutanensa suna riƙon amanar juna, akwai mai faɗa a ji, akwai wurin da ake kai ƙara a yi sulhu. Mutanen da suka iya ƙyale itacen maƙwabci ya girma, su ne za su kula maka da gidanka idan ka yi tafiya. Ban san wata shaidar halin gari da ta fi wannan wuyar ƙirƙira ba, don fara'a ana iya yi wa baƙo ta kwana biyu, gawo kuwa sai an shekara ana haƙuri.

Kusa da gulbi, amma a kan tudu

Wanda ya sha zafi idonsa kan ruwa yake, kuma fadamar Gulbin Maraɗi tana da jan hankali: lambunan mangwaro da gwaiba, zogale, tumatir da albasa da rani, iska mai sanyi da yamma. Amma tarihin Maraɗi kanta gargaɗi ne. Tsohon garin a cikin kwari yake, ambaliyar 1945 ta cinye shi, dole aka sake gina birnin a kan tudu inda yake yau. Har yanzu duk shekarar da ruwa ya yi yawa, gidajen ƙasa da ke gangare su ne ke fara faɗuwa. Bakin fadama kuma gidan sauro ne, zazzaɓin cizon sauro kuwa daga tsakiyar damina zuwa kaka yake cika asibitocin yankin da yara. Wanda ya daɗe a hamada ko Turai jikinsa ya manta da wannan ciwo, idan ya kama shi yakan yi masa mugun kamu. Hikima ita ce gida a kan tudu, lambu a kwari, tafiyar da ƙafa za ta iya a tsakaninsu.

Ruwan sha ma sai an tambaya. Mutanen Tsibiri sun ɗanɗana wannan da ɗaci. Daga 1985 har zuwa wajen 2000 garin yana shan ruwan wata rijiyar burtsatse mai zurfi wadda sinadarin fulorayid ya yi wa yawa, ruwa garau a ido, babu wari babu ɗanɗano. Haƙoran yara suka rine, ƙasusuwan ɗaruruwa daga cikinsu suka lanƙwashe, kafin a gano dalili a daina amfani da ita. Darasin ya shafi kowane gari: ka tambayi daga ina ruwan famfo yake fitowa, an taɓa auna shi, gaba nawa rijiya take kafin a tarar da ruwa, kuma a watan Mayu ƙarfe nawa mata ke tashi su kama layi. Wannan tambayar ta ƙarshe mata za su ba ka amsarta daidai, don haka ka sa uwargida ta shiga gidaje ta ji da kunnenta.

Yadda gari ke karɓar baƙo

Wannan ƙasa ta san baƙunta tun asali. Maraɗi ta zama gari mai sarauta ne da zuwan Katsinawan da suka bar birninsu bayan 1807. Tsibiri kuwa Gobirawa ne suka kafa ta bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, har yau kuma can fadar Sarkin Gobir take. Manyan garuruwan yankin mutanen da suka rasa gida ne suka gina su.

A zamaninmu ma an sake gwada su. Daga 2019, dubban mutane daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako iyaka suna gudun 'yan bindiga, mafi yawa mata da yara, suka sauka a ƙauyukan gundumar Gidan Rumji da maƙwabtanta. Kafin wata hukuma ta iso, talakawan ƙauyukan ne suka buɗe musu ɗakuna, suka raba tiyar gero da su. Daga baya gwamnati da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka mayar da wasunsu wurare nesa da iyaka, irin su Ɗan Daji Makau da Garin Kaka da Cadakori, inda baƙi da 'yan gari ke tarayya a makaranta da asibiti da famfo. Mai neman mazauni ya kamata ya ɗauki abu biyu daga nan. Na farko, karamcin mutanen yankin ba labari ba ne, an gan shi a lokacin tsanani. Na biyu, ƙauyukan da ke dab da iyaka ta kudu maso yamma suna fama da satar shanu da garkuwa da mutane, don haka nisan gari daga iyaka da kusancinsa da babbar hanya abin dubawa ne sosai.

Akwai kuma ranar baƙin cikin da bai kamata a manta ba. A watan Oktoba na 1991, a ƙauyen Toda, rikicin manoma da makiyaya ya halaka fiye da mutum 100, galibi mata da yara na Fulani. Ƙasa ta yi kaɗan, jama'a ta yi yawa, gonaki sun cinye burtali. Bayan haka ne, a 1993, Nijar ta kafa dokar karkara wadda ta haifar da kwamitocin filaye da ake kira COFO, daga gunduma har ƙauye. Saboda haka idan ka shiga gari, ka duba ko burtalinsa a buɗe yake, ko matan Fulani suna shigowa da nono kasuwa hankali kwance, ko ardo yana da wurin zama a fadar mai gari.

Shigar kanta tana da ladabi. Baƙo ba ya fara da dillalin fili. Yakan nemi mai masauki, mutumin gari mai mutunci, shi zai kai shi gaban mai gari. A cire takalmi, a durƙusa, a gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan mai masauki ya ce, "Ranka ya daɗe, ga baƙona, yana son ya zauna tare da mu." Abin da ya biyo baya shi za ka saurara da kyau. Mai garin kirki zai tambayi asalinka da sana'arka da dalilin barinka inda ka fito, ya ce, "Malam, ka ɗan zauna tukuna mu san juna." Wannan jinkiri alheri ne, don garin da ke tantance baƙo yana tantance wanda zai zama maƙwabcinka gobe. Wanda ya fara da maganar kuɗin fili tun ba a sha ruwa ba, ka yi masa godiya ka ƙara gaba. Idan kuma ciniki ya faɗa, a yi shi gaban shaidu da magadan mai fili, a karɓi takardar COFO, ko da mai sayarwa aminin mahaifinka ne.

Inda ake shan iska

Mutum ba ya ƙaura don ya zauna a ɗaki. Nishaɗin wannan ƙasa a fili yake, kuma yana bin lokutan shekara. Da kaka, bayan an ɗaure damman gero, ganguna ke tashi a dandali, samarin ƙauyuka su kara a kokowa. Daga irin waɗannan filaye ne ake tsamo waɗanda ke wakiltar jiha a gasar takobi ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975. Garin da ke da filin kokowa mai rai, dattijo ba ya rasa wurin zuwa da la'asar. Yara suna langa a farin wata, matasa suna ƙwallo a bayan makaranta, 'yan fada suna dafa shayi har dare. Da sallah, mai son dawaki ya nufi Tsibiri ko Maraɗi ya ga hawa da sukuwa.

Mai son tafiyar ƙafa, da sanyin safiya zai iya bin hanyar shanu cikin kwarin Gulbin Kaba, goriba ta yi masa rumfa, ya tarar da mata suna yankan kaba don tabarma da igiya da faifai. A gefen Gidan Rumji da Tsibiri, lambun rani shi ne wurin hutun mai shekaru: ɗan fili, rijiya gajera, zogale da yakuwa, jar akuyar Maraɗi biyu ko uku a ɗaure gindin mangwaro. Likitoci suna faɗa wa masu ciwon sukari da hawan jini su riƙa motsa jiki, lambu kuwa yana sa mutum ya yi hakan kullum ba tare da an tuna masa ba. Wanda ke son ganin ruwa mai faɗi, tafkin Madarumfa yana kudu da Maraɗi, da masunta da tsuntsayensa. Dajin Baban Rafi ma yana wannan ɓangare, sai dai a halin tsaron da ake ciki, ba a shigarsa sai da shawarar mutanen wurin da hukuma.

A lissafin nan kada a bar mata da yara a baya. Namiji yana da masallaci da majalisa da kasuwa, cikin mako guda ya yi abokai. Matar da aka ɗauko daga wani gari ita ce ke iya shekara cikin kaɗaici. A duba ko akwai ƙungiyar adashi, da makarantar islamiyya ta mata, da asibitin haihuwa da za a iya kaiwa cikin dare, da makarantar da yarinya za ta ci gaba bayan firamare ba tare da an tura ta wani gari ba.

Rabon baƙo a cikin aikin

Duk abin da aka lissafa a sama wasu ne suka yi wahalarsa kafin ka zo. Inuwar da ta ja ka zuwa garin, wani ne ya hana kansa itacen girki shekara da shekaru don ta samu. Saboda haka wanda ya zaɓi gari ya shiga da niyyar ƙarawa. Ya je gayya idan an kira, ya halarci suna da jana'iza, ya biya kuɗin gyaran famfo ba sai an bi shi ba, ya bi dokar sara ko da yana da kuɗin biyan tara. Filin da ya saya, kafin magina su zo su share, ya zaga da wani tsohon manomi su ware kututturan da za a bari. Ilimin da ya kwaso a Arlit ko Jos ko Faransa, na lissafi ne ko na gyaran inji ko na cike takardun hukuma, ya sa shi a hannun 'yan gari. Da haka ne ake daina kiran mutum baƙo, 'ya'yansa kuma su tashi 'yan gari.

Idan an samu garin, saura gida. Babi na gaba zai duba yadda ake gina shi don ya yi sanyi da kansa: kaurin bango, inda ƙofa za ta fuskanta, da abin da ya sa rufin soro ya fi kwano a watan Afrilu.